Katangar da Kawu Ya Gina Don a Haura

Kawu ya rasu da hantsi, aka rufe shi bayan azahar. Ban yi kuka ba. Na ga mutuwa a dajin yaƙi wadda ba wanka ba likkafani. Ta Kawu mai kyau ce: tsufa, ɗan ciwo, kalmar shahada a baki. Ba mutuwarsa ce ta sa ni magana ba. Abin da na ji ne a zauren gaisuwa.

Zauren ya cika tun kafin mu dawo daga maƙabarta. Tsofaffin magina sun haɗu a kusurwa guda, hannuwansu duk kanta, ɗayansu yana share ido da bakin rawani. Daga cikin gida ana jin kukan mata. Inna, matar Kawu, an ce tun safe ba ta buɗe baki ba, tana zaune tana kallon takalmansa a bakin ɗaki. Mahauta sun zo, masu hatsi sun zo, 'yan koli sun zo. Kowa ya zauna ya ɗaga hannu, aka shafa.

Sai wani Alhaji mai sayar da yadi ya shigo, turarensa ya riga shi. Ya gyara babbar riga, ya ɗaga hannu.

"Allah shi jiƙan Magini. Allah shi yahe mai wancan aiki."

Aka ce amin. Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ya fi kowa ɗaga murya. Wanda ya shigo bayan Alhajin ya maimaita. Na bayansa ma haka. Kafin la'asar maganar ta zama kamar gishiri, ba a addu'a sai da ita. Wani jikan Kawu ya tambayi ubansa wane aiki ne, aka daka masa tsawa.

To ni zan faɗa. Ina wurin. Ni na kai shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Magini ne a Ƙofar Atiku, ubansa ma magini. Ba shi da gona, ba shi da shanu, bai taɓa zama a shago ba. Idan aka kawo masa ƙasa sai ya ɗanɗana a harshe kafin ya ce a sauke. Ba ya barin a yi gini da kwaɓin rana ɗaya, sai ƙasa ta kwana ta ruɓa. Mai gidan da ya matsa masa, amsa ɗaya yake samu: mai gaggawa ya sayi zana. Wanda ya ce a rage kaurin bango don sauƙi, sai Kawu ya ce masa, "Kai ka biya, ni ka kwana da sunan."

Yana aiki ne a zaune bisa katanga kamar mai hawan jaki, lebura na jefo tubali daga ƙasa, yana cafewa bai ko duba ba. Katangarsa faɗi a gindi, tana sirancewa tana hawa, kanta a zagaye ba inda yatsa zai kama. Ya shafe ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya goge da dutse har ta yi sheƙi. Ana cewa ƙadangare ma sai ya yi shawara kafin ya hau. Duk unguwa an san magana guda: katangar Magini ba a haura ta. Wannan maganar ita ce gonarsa, ita ce shanunsa.

Na dawo daga yaƙin basasa da raunin harsashi a ƙugu. Ina ɗingishi, ba na magana. Mutane suna zuwa suna tambaya ta mutum nawa na kashe. Kawu bai tambaye ni komai ba. Ya zo da safe, ya kama hannuna, ya kai ni ramin kwaɓi. Ya ce in tuɓe takalmi in shiga in taka. Na taka ƙasa da ciyawa wata da watanni. Ƙafar ta yi ƙarfi. Bakin ya buɗe daga baya. Bai taɓa cewa magani yake min ba, kuma ranar da na yi lalaci ya zage ni kamar kowane lebura.

Wanda ya fitar da ni daga inda aka harbe ni sajanmu ne, Badakkare daga ƙasar Zuru, Kirista. A kafaɗa ya saɓa ni, ana wuta, ya ƙi ajiye ni. Saja nake ce masa har yau. Bayan an sallame mu ya zo Sakkwato ya kama gadi, ya sami ɗaki a unguwar Gidan Dare. A cocinsu shi ke kula da matasa.

Lokacin kuɗin man fetur ya shigo. Kowa ya zama ɗan kwangila. Sababbin babura, rediyo a kafaɗa, rufin kwano yana maye soro. Gari ya cika da baƙi, har da waɗanda muka yi yaƙi da su, sun dawo sun buɗe shagunansu. 'Ya'yansu duk suna cocin Saja, tare da na Yarbawa da na mutanen kudancin Zariya da na Zuru. Coci ɗaya, tabarma daban-daban. Wannan ubansa ya mutu a ɓangaren nan, wancan nasa a ɓangaren can. Ko kwanon abinci ba sa haɗawa. Saja ya ce fastonsu ya yi wa'azi har murya ta dushe, a banza.

Duk dogon hutu manyan cocin suna kai yaran wani fili a bayan gari, gaba da Gawon Nama, su yi zango na mako guda, da waƙa da karatun littafinsu. Saja ya ce magani ɗaya ya sani, wanda aka yi mana a bariki muna kurata: a jera wa mutane wahalar da ba mai wuce ta shi kaɗai. Ya roƙe ni in taya shi. Ban yi shawara da kowa ba. Mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa ba ka tambayar sa wace alƙibla yake duba.

Mu biyu muka yi yawancin aikin. Muka kwaso tsofaffin tayoyi a tasha muka binne rabinsu a jere. Muka haƙa rami muka gitta gungumen giginya a kai. Igiyar shanu muka samo a kara, kasuwar dabbobi, muka ɗaura a reshen gawo don lilo. Wurin rarrafe Saja ya ce ba za a sa waya mai ƙaya ba, yara ne, sai muka ja igiya ƙasa-ƙasa muka rataya gwangwanaye, wanda ya ɗaga baya su yi ƙara. Saura katanga. Siminti ya tafi gine-ginen gwamnati, talaka ba ya ganin sa. Saja ma ya ce bulo yana saɓule gwiwa. Na kai shi wurin Kawu.

Muka same shi a zaure yana gyara ƙotar gatari. Saja ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da mu. Kawu ya saurara har ƙarshe.

"Mi za ta kewaye?"

Saja ya ce ba komai, a tsakiyar fili za ta tsaya.

"Ina za a sa ƙohwa?"

Ya ce ba ƙofa.

"To mi za a yi da ita?"

"Haurawa, Baba."

Kawu ya ajiye gatarin, ya tashi ya shige gida. Na ce wa Saja mu tafi, an gama. Muna neman takalma sai ga shi ya fito da ruwa a kwano, ya miƙa wa Saja. Ya juyo gare ni.

"Shi na yad ɗauko ka?"

Na ce shi ne.

Ya daɗe yana kallon kafaɗun Saja. Sannan ya ce a gaya wa masu jakai su fara kai ƙasa.

Ya yi aikin kamar na gidan sarki. Ya sa aka haƙa tushe mai zurfi, ya mayar da kayan jaki biyu don ƙasar ba ta yi masa ba. Matan coci suna kawo abinci, shi yana zuwa da furarsa. Da suka gane, sai suka riƙa sayen nama wurin mahaucin unguwarmu suna gaya masa. Ya ci, ya ce barkonon ya isa kashe mutum, ya ƙara. In ya tayar da salla a gindin gawo, matar Saja ke tsare yara kada su gitta ta gabansa. Ba wanda ya yi wa wani wa'azi. Gini ake yi.

Saja ya roƙi abu ɗaya: a bar ramuka a jikin katangar inda ƙafa za ta taka. Kawu ya yarda, kuma ya bar su, na gani da idona. Ranar yaɓe ya hau aikinsa yana ƙus-ƙus da wata waƙar magina. Hannu yana tafiya. Ya bi ta kan ramukan ya cike su, ya shafe da makuba, ya goge da dutse. Sai da ta bushe na lura. Na tambaye shi, ya ce bai san sa'ad da ya yi ba. Na yarda. Hannun da ya tsufa yana toshe rami ba ya ganin rami ya wuce.

Ranar da aka buɗe zangon Saja ya ce Kawu ya zo ya ga aikinsa. Ya zo da farar riga, ya zauna a inuwa. Aka raba yara rukuni-rukuni, aka cakuɗa ƙabilu da gangan. Suka wuce tayoyi, suka wuce gungume, suka yi lilo, kowa yana ta kansa. Suka iso katanga. Na farko ya taho da gudu ya daka tsalle, ya zamo kamar an shafa masa mai. Na biyu haka. Mafi tsawo a cikinsu ya taɓa kan da yatsa, ya sulalo. Saja ya ce su kauce ya nuna musu yadda soja ke yi. Ya ja da baya, ya taho, ya faɗi zaune a ƙasa.

Da farko dariya ake yi. Rana ta yi zafi, dariya ta ƙare. Aka fara ɗora wa juna laifi. Wani yaro mai ƙiba, ɗan wani Ibo mai sayar da kayan mota, ya ture wani siririn ɗan Zuru. Siririn ya kira shi da sunan da muke kiran abokan gaba a daji. Nan take fili ya rabu biyu. Abin da Saja ya tara su don ya kashe, shi ne ya tashi tsaye a gindin katangarmu.

Na waiwaya wurin Kawu. Yana tauna goro, fuskarsa fes. Daɗi yake ji. Yara sun fi a ƙirga, har da soja, ba wanda ya haura tasa.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na tsaya a kansa na ce an ce ya gina a haura, ba a ce ya gina ya yi alfahari ba. Ya ce tun da yake gini ba a taɓa haura tasa ba. Na ce, "Kawu, kunya ka ba mutumin da ya ɗauko ni." Bakinsa ya daina motsi.

Saja ya riga ya ɗauko diga zai fasa ramuka. Kawu ya miƙe.

"Aje ta. Ba a sara min gini ina kallo."

Ya cire hula, ya tuɓe farar rigar, ya ninke ya ba ni. Ya taka zuwa gindin katangar, ya dafa ta da hannu biyu, ya duƙa.

"Kai, yaron ga mai ƙiba. Taho, taka nan."

Yaron ya ƙi. Ya ce ba zai taka tsoho ba. Kawu ya ce ba zai kwana a duƙe ba, ya yi maza. Yaron ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa a bayan Kawu, sannan a kafaɗa. Na ji ƙashin tsohon ya yi ƙara. Ya miƙe a hankali da yaron a kansa, har cikin yaron ya hau kan katanga. Kawu ya ce ya zauna irin zaman magini, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya matse da cinya, ya miƙo hannu ƙasa. Ya sake duƙawa. Ya kira siririn.

Siririn ya hau. Ya ɗaga hannu. Mai ƙiba ya dube shi, ya ƙi miƙo nasa. Kawu yana ƙasa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"In ba ka ja shi ba, bisa kaka kwana. Ba mai sauke ka."

Ya ja shi.

Kawu ya miƙe yana dafe da ƙugu. Ya gaya musu katangarsa hanya ɗaya gare ta, magina kaɗai suka san ta: wani a ƙasa, wani a bisa. Ya ce sauran su ji da kansu. Ya koma inuwa. 'Yan mata ne suka fara wucewa gaba ɗayansu, a nasu layin, matar Saja na tsaye a kansu. Maza suka ɓata lokaci suna gardamar wa zai duƙa. Kawu ya ce maza ke nan, kowa na son bisa. Mutum na ƙarshe ya ba su wuya, don ba wanda zai taka. Su da kansu suka gano su riƙe ƙafafun dogon cikinsu su zuro shi ya kamo shi. Da yamma na ga ana cin abinci, kwano ɗaya hannu barkatai. Ba duka ba. Amma na gani.

Masu jakan da ke kai ƙasa su ma sun gani. Kafin mu isa Ƙofar Atiku labari ya riga mu. Magini ya duƙa ɗiyan coci suna taka shi. Magini ya buɗe makarantar haura katanga. Lokacin kuwa fashi ya yi yawa, ana ɗaure mutane a jikin durom ana harbewa a bainar jama'a. Kalmar haura katanga ba ta wasa ba ce.

Ba a daɗe ba aka shiga gidan Alhajin nan mai yadi, aka kwashe masa kaya. Katangar gidan, Kawu ne ya gina ta. Aka kira shi gaban mai unguwa. Ya tsaya a gaban mutanen da shi ya gina ɗakunan da aka haife su. Aka tambaye shi ko gaskiya ne ya koya wa yaran coci yadda ake haura gininsa.

"Na koya."

Bai ƙara ba. Na yunƙura zan yi magana, ya damƙe min hannu har sai da na ji zafi. A hanya na tambaye shi dalili. Ya ce in ya fara bayani, sunan yaran mutane za a fara kira, kuma an san inda kiran suna ke kai mutum a wannan zamani.

Alhajin ya sa aka rushe katangar da rana tsaka, jama'a na kallo. Ya yi ta bulo, ya dasa fasassun kwalabe a kai. Daga baya aka kama kayan a wata kasuwar ƙauye. Yaran shagonsa ne suka yi satar. Ta ƙofa suka shiga, da makulli. Ba ko ɗayansu da ya taɓa taka coci. Ba wanda ya dawo ya ce wa Kawu yi haƙuri. Ba mai unguwa ba, ba Alhajin ba. Alhajin da ya zo jiya-jiya yana roƙa masa yafiya.

Ba zan yi ƙarya ba: ko ba wannan, bulo zai kashe sana'ar. Duk maginan ƙasa aiki ya janye musu. Amma sauran an bar su da girmansu. Kawu aka bar shi da suna. Malamin ɓarayi. Yara suna faɗa a bayansa su ruga, kuma ba a bakin yara aka ƙera ta ba. Aka daina kiran sa shaidar ɗaurin aure. Mutumin da ake jira ya ɗanɗana ƙasa kafin a sa tushen masallaci ya koma gyaran rumbu da toshe ɗigon soro.

Duk da haka, kowace shekara kafin ruwa ya sauka, sai ya ɗauki kayan aikinsa ya nufi filin nan, ba wanda ya aike shi. Ya cike inda ƙafafu suka ci, ya sake yaɓe, ya goge. Taubashina lokacin ya zama mai buga bulo, ya yi mota, ya je Makka ya sa haƙori. Ya zo ya durƙusa gaban ubansa ina zaune. Ya ce ya ɗauke masa ci da sha da sutura, abu ɗaya yake roƙo, ya bar zuwa wurin nan, ana yi masa gori a cikin abokan ciniki. Kawu ya ce ginin da ya gina ba zai bari ruwa ya ci ba.

"Ko na coci, Baba?"

"Ruwa ba su san na coci ba."

Ya ci gaba da zuwa har ƙafa ta gaza. Shekarun ƙarshe Saja ke ɗauko shi a bayan keke, ya zauna a inuwa yana faɗa wa samari ba haka ake riƙe dutse ba. Sau ɗaya na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya ce ƙwarai, da ya sani da siririn ya fara kira, don mai ƙibar nan har yau yana jin sa a ƙugu.

Yanzu kuɗin man ya ƙare. Soja na dukan mutane a layin sabulu. Masu kwangila da yawa sun koma ƙafa. Gidajen bulon da aka yi da gaggawa suna tsagewa. Ba wanda ya ce a yafe wa kowa wannan.

Ranar sadakar uku ina zaune a zaure ana rabon waina, sai aka yi sallama a waje. Na gane muryar. Saja ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Bayansa maza da mata, yaran nan ne sun girma, matan sun rufe kai. Mai ƙiba yana gaba da ƙwaryar goro a hannu, ya ƙara ƙiba, shi ke riƙe da shagon ubansa yanzu. Siririn yana bayansa. Suka tsaya a bakin ƙofa, sun tuɓe takalma, suna jiran a ce su shigo.

Taubashina ya leƙa, ya dubi Alhazan da ke zaune, ya sunkuyar da kai. Ya ce wa ƙanensa ya je ya ce an gode, zaure ya cika. Zaure bai cika ba. Alhajin mai yadi shi kaɗai ya miƙe ƙafa a wurin mutum uku.

Tsakanina da taubashina wasa ne tun muna yara. Ina zaginsa gaban kowa, dole ya yi dariya, haka al'ada ta ce. Na miƙe, ƙugun ya soke ni.

"Alhaji, yau ba wasa nika yi ba. Waɗanga sun taka bayan ubanka da izninai. Ku kun taka sunanai, wa ya ba ku izni?"

Bai yi dariya ba. Wani ya ce in ji tsoron Allah, zaman makoki ake yi. Na ce na sani, nawa ne mamacin. Na naɗe tabarmata na fita. Na shimfiɗa ta a rana, jikin bangon gidan, na zauna. Na ce wa Saja ga mai karɓar gaisuwa.

Suka durƙusa. Saja ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Bai ƙara komai a kai ba. Mai ƙiba ya ajiye goron a gabana ya rufe fuska da hannu. Siririn ya ce masa ya daina, ƙaton banza, yana ba su kunya. Saja ya ce haka suke har yau, ba sa rabuwa da zagin juna, amma mota ɗaya ta kawo su.

Ina nan sai ga tsohon maginin nan mai share ido da rawani ya fito, yana jan buzunsa. Ya zauna kusa da ni. Wani ya biyo shi. Sauran suka zauna a ciki. Ban ƙirga su ba, amma na san fuskokinsu.

Can sai aka fito da tabarmi biyu daga cikin gida, da ruwa a tulu. Matar da ta kawo ta ce Inna ce ta aiko. Ta ce matan su shigo wurinta, ta ƙofar gida, ba ta baya ba. Maganar Inna ta farko ke nan tun ranar rasuwar. Suka bi ta tsakiyar zaure ɗaya bayan ɗaya. Dole Alhajin ya janye ƙafa.

Taubashina bai gaishe ni ba tun ranar. Ya sha zamansa.

Ba na cewa Kawu waliyyi ne. Yana da zafin rai. Ya taɓa jifan lebura da tubali ya fasa masa goshi. Bai iya cewa sannu ba, Inna ta yi masa girki har tsufa bai taɓa yaba miya ba. Yana da girman kai a kan aikinsa, na gaya muku inda ya kusa kai mu. Duk wanda zai roƙa masa gafara, ga abin roƙo nan, ya isa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta yi masa sauƙi. Allah ya gafarta masa zunubansa. Yana da su kamar kowa, na san wasu. Katangar nan ba ta cikinsu.